Wane abinci za a saya wa kajin ƙwai na gida a Gombe?

Kaza mai yin ƙwai tana cin kimanin giram 110 zuwa 120 a rana, saboda haka mai kaji 20 zai ga buhu mai kilo 25 ya ƙare cikin kwana goma zuwa sha ɗaya. Da wannan lissafi ya kamata mutum ya shiga kasuwa.

Abincin kamfani da aka haɗa domin masu ƙwai, wanda masu shago ke kira leyas, kamar na Vital Feed da Chikun da Top Feeds, shi ne mafi tsada, amma yana ɗauke da furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari da kalsiyam kusan kashi 4, wanda da shi kaza ke gina ɓawon ƙwai. Kada a yarda a karɓi girowa a madadinsa don an ce ya fi araha, domin na 'yan matasan kaji ne da ba su kai mako 18 ba, kuma kalsiyam ɗinsa kaɗan ne. Idan aka ba masu ƙwai girowa, bayan 'yan kwanaki sai a fara tsintar ƙwai mai laushi yana fashewa a hannu. Wajen sayen leyas, a duba ranar da aka yi shi, a kuma cusa hannu cikin buhun: idan ya dunƙule ko yana warin hunhuna, a bar shi.

Sai kwansantiret, wato haɗin furotin da sinadarai na kamfani, wanda ake gaurayawa da niƙaƙƙiyar masara bisa awon da ke jikin buhunsa. Ribarsa tana fitowa ne da kaka, lokacin da farashin masara ya sauko a kasuwar Tudun Hatsi, ga wanda yake da busasshen wurin ajiya.

Haɗin gida kuwa yana buƙatar masara, tunkuzar gyaɗa ko waken suya, dusa, garin ƙashi, farar ƙasa, gishiri da sinadarin bitamin, da kuma sikeli, domin awon mudu yana ruɗi. Dole a gasa waken, ɗanyensa yana hana kaza amfana da abin da ta ci, gyaɗar da ta yi hunhuna kuma tana ɗauke da guba mai lalata hanta. Dusa da tsaki zalla za su riƙe kazar Hausa mai kiwo a tsakar gida, amma ba za su ɗauki nauyin ƙwai kusan kullum ba.

A ganina, mai kaji ƙasa da 50 ya tsaya kan leyas. Idan zafin Maris da Afrilu ya rage musu ci, a zuba abincin da sassafe da kuma yamma, a ajiye ruwansu a inuwa.