Tseren motoci: fili ɗaya ko karɓa-karɓa?

A majalisarmu ta bakin gareji a Sabon Garin Zariya, gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ita ce inda ya kamata masu tseren mota don sha'awa su riƙa haɗuwa.

Wasu sun ce a tsayar da fili ɗaya a Zariya, tunda tana tsakanin Kaduna da Kano: kusan kilomita 80 zuwa Kaduna, kusan 150 zuwa Kano. Kowa ya san inda zai dosa. Sai dai mu 'yan gida za mu haddace kowace kwana da kowane rami, mu yi barci a ɗakunanmu, shi kuwa na Jos ya iso a gajiye, makanikensa na ta hamma a kan akwatin sifana.

Karɓa-karɓa, wato kowane gari ya karɓi tseren bi da bi, ta fi cin aljihu, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, amma wahalar tana zagayawa kan kowa. Rigimarta ita ce watanni. Wa zai karɓi Agusta, lokacin da ruwa ke mai da fili taɓo? Janairu kuma ga hazo.

Ni dai karɓa-karɓar na zaɓa, a jefa ƙuri'a kan watannin, kuma a zubar wa kowane direba sakamakonsa mafi muni wajen lissafin maki.