Frieren: katun ɗin da ya fara bayan an gama yaƙi

Sau huɗu a shekara gidajen talabijin na Japan ke sako sababbin finafinan anime, wato katun irin na Japan: Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. Duk zangon da ya zo sai an jibgo labaran tsafi da takobi, kuma galibinsu hanya ɗaya suke bi. Mota ta kaɗe wani saurayi, ya farka a wata duniya da ƙarfin da ba mai iya tare shi, 'yan mata na binsa a baya. Wannan salon ya daɗe da fita min a rai. Shi ya sa da Frieren ya fito cikin jerin ƙarshen 2023, ban sa masa wani dogon buri ba.

Yadda aka ƙaddamar da shi ma abin lura ne. Ranar 29 ga Satumba, 2023, tashar Nippon TV ta haɗa kashi huɗu na farko ta nuna su a jere, wajen awa biyu, a gurbin daren Juma'a da ta saba warewa manyan finafinai. Kamfanin Madhouse ne ya zana, Keiichiro Saito ya ba da umarni, shi ne wanda ya yi Bocchi the Rock! a 2022. Asalin labarin littafin manga ne, wato labari cikin zane irin na Japan, da Kanehito Yamada ke rubutawa, Tsukasa Abe na zanawa tun 2020, har ya ci kyautar Manga Taisho a 2021. Ni a Crunchyroll, manhajar kallon anime, na kalla, a waya, da muryoyin Japananci da fassarar Turanci a ƙasan allo. Wanda bai so a ɓata masa labari ya tsaya nan, don zan taɓo abubuwan da suka faru a waɗannan kashi huɗun.

Fim ɗin na buɗewa an riga an kashe Sarkin Shaiɗanu. Mutum huɗu ne a bayan keken doki suna komawa gida bayan tafiyar shekara 10: jarumi Himmel, malamin addini Heiter wanda ba ya rabo da kwalba, wada Eisen mai gatari, sai Frieren, matsafiya daga jinsin nan masu dogayen kunnuwa, wadda ta haura shekara 1,000 a duniya. A wurinta shekara 10 ba ta kai a tsaya lissafi ba. Suna kallon zubar taurari da ke faruwa sau ɗaya duk shekara 50, sai ta ce ta san wurin da ya fi kyaun kallo, za ta kai su in lokacin ya zagayo. Ta faɗe shi ne kamar mai cewa sai jibi. Da ta dawo, Himmel ya zama ɗan tsoho mai sanƙo da farin gemu. Suka je suka kalli taurarin, ba da jimawa ba ya rasu.

Wurin jana'izarsa ne fim ɗin ya kama ni. Tana tsaye fuskarta ba alamar komai, har mutane na gulmarta cewa ba ta da tausayi. Sai da aka fara zuba ƙasa hawaye ya ƙwace mata, kuma abin da ke cin ta shi ne ta san ran ɗan Adam gajere ne amma ba ta taɓa damuwa ta san mutumin ba. Ba ihu, ba birgima. Atsumi Tanezaki, mai yin muryarta, ta riƙe murya a ƙasa tun farkon kashin, don haka da ta ɗan karye sai ka ji abin a ƙirjinka.

Daga nan komai da rasuwar Himmel ake auna shi. Duk garin da aka shiga sai a rubuta a allo shekara nawa ke nan bayan mutuwarsa. Heiter ya yi wa Frieren dabara ta karɓi Fern, marainiyar yaƙi da yake riƙo, a matsayin almajira, kuma zaman nasu shi ne gishirin fim ɗin. Tsohuwar da ta ga ƙarni goma ba ta iya tashi da safe sai yarinya ta tashe ta, ta gyara mata kaya. Tsafe-tsafen da take bi gari-gari tana tarawa ma na ban dariya ne: na dafa shayi, na cire tsatsa daga mutum-mutumin tagulla, na mayar da inabi mai zaƙi ya yi tsami. Sai daga baya ka gane Eisen ne mai son inabi mai tsami.

A kashi na biyu ta ɓata wata shida cur tana neman wata shuɗiyar fure ta garin su Himmel don ta ƙawata mutum-mutuminsa, Fern na ta ƙorafin cewa ita fa ba ta da shekarun zubarwa. Na fahimci Fern sarai, don akwai inda ni ma na ji tafiyar ta yi nauyi. Wanda ya zo neman dambe zai yi hamma. Faɗa ɗaya tak na kirki aka yi, a kashi na uku, da wani shaiɗani mai suna Qual da aka ɗaure shekara 80. Tsafinsa na kisa, Zoltraak, ya gagari kowa a zamaninsa, amma kafin ya farka mutane sun feɗe shi ciki da bai, ya zama darasin 'yan koyo. Cikin 'yan mintuna aka gama da shi, kuma wannan dabarar ta fi min faɗan rabin awa.

Inda nake da ja shi ne waƙar buɗewa ta mawaƙan Japan YOASOBI. Tana da daɗi, amma sauri gare ta da tsalle-tsalle, ba ta zauna da sanyin fim ɗin ba. Na fara tsallake ta tun a karo na biyu. Kiɗan cikin fim na Evan Call, da sarewa da goge, shi ya dace da dazuzzuka da ƙauyukan da Madhouse ta zana. Sannan ga masu kallo tare da yara: akwai shan giya, akwai hirar Heiter da Eisen kan ko akwai Aljanna bayan mutuwa, kowa da irin nasa ra'ayin. Ba a yi batsa ba, amma gara babba ya kasance kusa.

Kashi na huɗu ya rufe da samun alƙibla: za su nufi can arewa, Ende, inda fadar Sarkin Shaiɗanu take, don an ce a nan rayukan matattu ke hutawa, kuma Frieren na son ta yi magana da Himmel. Zan ci gaba da kallo. Abin da nake jira in gani shi ne ko wannan tafiyar hawainiya za ta riƙe mutum idan ana kallon kashi ɗaya-ɗaya na minti 24, tunda haɗa huɗun da aka yi a dare ɗaya ya taimaka mata ƙwarai.