Gidan tarihin jiragen ruwa masu tashi na Foynes, na je na gani da idona

Ranar Asabar da ta wuce na ɗebi yara muka tafi Foynes, wani ɗan ƙaramin gari ne a bakin kogin Shannon a ƙasar Ayalan, daga Limerick bai kai tafiyar awa ɗaya a mota ba. Abin da ya kai ni guda ɗaya ne, Boeing 314 ɗin nan da suka ƙera kwafinsa daidai girman na asali. Wallahi tun a ƙofa na san kuɗin tikiti bai tafi a banza ba.

Ga wanda bai sani ba, jirgin sama ne amma cikinsa irin na jirgin ruwa, a kan ruwa yake sauka a kan ruwa yake tashi. Guda 12 kacal Boeing suka yi tsakanin 1938 da 1941, kuma yau ko ɗaya babu a duniya, wasu sun nutse, sauran an farfasa an sayar a matsayin ƙarfe. Shi ya sa wannan kwafin yake da daraja a wurina, in ba nan ba ina za ka taka ƙafarka cikin irinsa?

Muna shiga ƙaramar 'yata ta ce Baba wannan ai gida ne ba jirgi ba, kuma gaskiyarta, don akwai ɗakin cin abinci da tebura an shimfiɗa farin ƙyalle an jera faranti, ga gadaje sama da ƙasa, can ƙarshe ta wajen wutsiya har ɗakin amarya da ango suka ware, sai kuma ka hau matakala zuwa sama inda matuƙa suke zama, wurin da faɗi sosai har da teburin mai duba taswira da kujerar mai rediyo. Na daɗe a tsaye a wurin nan ina kallon agogunan injin, ina tunanin mutanen da suke ƙetare Atlantika cikin dare suna duba taurari su gane hanya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne lokacin yaƙin duniya na biyu irin waɗannan jiragen na kamfanin jiragen saman Birtaniya mai suna BOAC daga nan Foynes ɗin suke tashi, su bi ta Lisbon da Bathurst, wato Banjul ta yanzu, har Legas. Ka ga ashe ruwan da nake kallo ta taga yana da hanya har gida tun kafin a haifi babana.

Babban ɗana kuwa shi labarin waɗanda suka nutse ne ya kama shi. Ɗaya daga cikinsu mai suna Honolulu Clipper a 1945 injinanta biyu suka lalace ta sauka tsakiyar tekun Fasifik, aka kwashe mutane, da jan ta ya gagara sojan ruwan Amurka suka buɗe mata wuta har ta nutse. Bermuda Sky Queen ma daga Foynes ta tashi a 1947, mai ya kusa ƙare mata ta sauka kusa da wani jirgin masu gadin teku, aka ceci duka mutum 69, ita ma aka nutsar da ita. Akwai masu binciken ƙarƙashin teku a Amurka da suka yi ta shirin nemo su su ɗago, ni kam ina musu fatan alheri da zuciya ɗaya, ko fiffike ɗaya aka samo a kawo a ajiye kusa da wannan kwafin zan sake biyan kuɗi in zo.

Ginin kansa shi ne ainihin tashar da fasinjoji suke jira a da, a 1989 aka mai da shi gidan tarihi. A nan aka ƙirƙiro kofin nan da ake kira Irish coffee, to a kula akwai giya a ciki, mu dai shayi muka sha. Ku je da wuri ku ware kamar awa biyu zuwa uku, kuma ku riƙe rigar ruwa don iskar bakin Shannon ba ta wasa.