Gargaɗi: mai sayar da wain mara giya a Instagram ta cinye min dubu ɗari biyu

Jama'ar Gusau, dubu ɗari biyu cif. N200,000, kuɗin abin sha na bikin ƙanwata, wata mata ta karɓe ta toshe ni. Tun jiya nake rubutawa ina gogewa don kunya, amma gara in faɗa.

Ni ba baƙuwa ba ce a sayayya ta waya. Shekara nawa ina odar atamfa daga Kantin Kwari, ko sisina bai taɓa yin ciwon kai ba. Kuma sai da na bincika! Mabiyanta sun haura dubu ashirin, kullum bidiyon kwalabe a teburin amare, ana buɗewa kumfa na tashi. Ta gasar kyauta ma na san ta, irin wadda ake cewa ki bi shafinmu, ki ambaci ƙawaye uku, ki ci katan guda.

Kiran bidiyon nan ne ke ci min rai. Na ce mata, baiwar Allah, nan Zamfara ce, tun 2000 ake shari'a, ba zan ajiye wa baƙi abin da ke da ko ɗigon giya ba. Ta ce, "Haba Hajiya, ni ma fa musulma ce." Ta juyo kwalbar, ta ɗora yatsa kan 0.0%, ta nuna min lambar NAFDAC. Da idona na gani. Wa zai ga haka bai yarda ba? Har yanzu muryarta nake ji, haba Hajiya.

Katan goma sha biyu, N15,500 kowanne, N186,000 na tura ranar Talata. A'a, Litinin ce, Talata ta nemi N14,000 kuɗin mota. Sunan asusun na namiji ne, ta ce na maigidanta ne, kuma tun kafin in tambaya ta faɗa, shi ya sa ban kawo komai a raina ba. Sai ga lambar direba. Yau yana Funtuwa, gobe mota ta lalace a Tsafe. Sau uku ina tura yarona tasha yana wuni a rana. Ashe tun farko ta rufe wurin sharhi a shafin, yabon da nake gani duk hotunan hira ne da ita take ɗorawa da kanta. Yanzu ta sauya sunan shafin, wai turare take sayarwa.

Na je banki, sun ce sai da takardar kotu. Ranar kamu bashi Yaya ya ci ya sayo lemo a kasuwa, ban iya haɗa ido da shi ba. Dubu ɗari biyu! Allah ya isa, ban yafe ba.

Kada ku biya sai kaya ya iso hannunku. Rasit, saƙon muryarta da hotunan hirarmu duk suna nan, da dare zan ɗora.