Kafin Ka Sayi Rauta, Duba Tsaronta Ba Yawan Eriya Ba

Yawancin masu sayen rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet ta Wi-Fi, eriya suke ƙirgawa, su tambayi nisan da sigina ke kaiwa. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: kamfanin da ya ƙera rautar yana sabunta manhajar cikinta har yanzu? Babu rautar da ba a gano mata ɓaraka. A 2023 an bayyana wata a rautar TP-Link Archer AX21, kamfanin ya fitar da gyara, amma masu kutse suka ci gaba da kame waɗanda ba a sabunta ba. Saboda haka ka juya rautar, ka karanta lambar samfurinta, ka duba shafin kamfanin. In an shekara uku ba sabon gyara, ajiye ta.

MiFi, wato ƙaramar rautar aljihu, da rautar da MTN ko Airtel ke sayarwa da sim a ciki sun wadatar da ƙaramin gida. Kowace na zuwa da kalmar sirrinta ta Wi-Fi a manne a jiki. Rauninsu shafin sarrafawa ne, wanda a da yawa daga cikinsu "admin" ne suna, "admin" ne kalmar sirri. Sannan sabuntawa a hannun kamfanin layi take, sai ran da ya ga dama.

Ta hannu, wato gwanjo, ita ce mafi araha kuma mafi haɗari. Galibi kamfani ya daina kula da ita, kuma ba ka san abin da mai ita na farko ya saita ba. Wadda tsohon tsarin kulle Wi-Fi, WEP ko WPA na farko, kaɗai take da shi ko kyauta kada ka karɓa. WEP cikin mintuna ake fasa shi. Hanya ɗaya ta cin moriyar gwanjo ita ce a ɗora mata OpenWrt, manhajar da ke maye gurbin ta kamfani, in samfurin na cikin jerin da take aiki da su, kuma ma'ajiyarta ta kai megabait 16, RAM 128. Wannan aikin masani ne, kuskure kaɗan na kashe na'urar.

Ga gida ko ofis, mun fi ba da shawarar sabuwa ta cikin kwali mai WPA3, tsarin kulle Wi-Fi da ya fito a 2018, wadda ke sabunta kanta kuma tana da layin baƙi daban. WPA2 mai AES bai mutu ba, muddin kalmar sirri ta kai haruffa 12 zuwa sama kuma ba lambar wayarka ba ce. Wanda ya kama musayar farko tsakanin waya da rauta zai iya komawa gida ya yi ta gwada kalmomi, kuma lambobin waya na cikin abin da ake fara gwadawa.

Masu kafe da masu sayar da Wi-Fi a unguwa rautar MikroTik suke so, kuma da dalili. Sai dai ba ta yafe sakaci. A 2018 wata ɓaraka a Winbox, manhajar sarrafa MikroTik, wadda ke amfani da ƙofar sadarwa mai lamba 8291, ta ba masu kutse damar kwashe kalmomin sirrin masu sarrafawa. In ba ka da wanda zai riƙa sabunta RouterOS, manhajar cikinta, ya kuma rufe wannan ƙofa daga waje, sayi mai sauƙi.

Kowacce ka ɗauka, ranar farko ka shiga shafin sarrafawa, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuwa 192.168.8.1. Sauya kalmar sirrin shafin, kada ta zama ɗaya da ta Wi-Fi. Da irin kalmomin da kamfani ya saka muguwar manhajar Mirai ta kame dubban na'urori a 2016.

Sai ka kashe WPS, hanyar haɗa na'ura da Wi-Fi ba tare da kalmar sirri ba. Lambar sirrinsa mai alƙaluma takwas ce, amma a 2011 aka nuna rauta na tantance ta kashi biyu, alƙalamin ƙarshe kuma lissafo shi ake yi, don haka gwaji 11,000 ya isa a shiga, komai tsawon kalmar sirrinka. Kashe sarrafawa daga nesa, da UPnP, mai barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa, in ba ka da na'urar wasa da ke buƙatarsa. Kyamarar tsaro da talabijin da wayoyin baƙi ka tura su layin baƙi. Gwanjo kuwa, kafin komai, danna ɗan maɓallin baya da tsinke na daƙiƙa 10 ta koma yadda ta fito daga masana'anta.