Bitar laburare lokacin jarabawar ƙarshe, abin da na gani

Salam 'yan uwa ɗalibai na Sakkwato, musamman 'yan ajin ƙarshe da furojek ya sa gaba. Bitar nan da ma'aikatan laburaren makarantarmu ke yi in jarabawa ta matso, na halarta kuma wallahi ta yi min rana.

Furojek ɗina kan noman rani ne a yankin dam ɗin Goronyo, albasa da shinkafa, babi na biyu nan na maƙale, sufabaiza kullum cewa yake kayana tsofaffi ne in nemo na shekarun baya-bayan nan. A bitar ne aka nuna muna yadda ake tace shekara a Google Scholar, shafin neman takardun bincike, da sa kalma cikin alamar zance don kar ya kwaso maka tarkace, sannan AJOL inda mujallun Afirka suke, na Najeriya da yawa a ciki wasu ma kyauta kake saukewa. Mu 'yan aikin gona aka buɗe muna AGORA, rumbun mujallun bincike a intanet wadda FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke jagoranta, 'yan kiwon lafiya kuma HINARI, irinta ce, ta hukumar lafiya ta duniya WHO. Ashe dut wanga abu yana nan muna ta kai kuɗinmu kafe ana kwafo muna aikin wasu.

Amma abin da ya fi burge ni Zotero ne, wani furogiram na tsara refarens. Kyauta yake, ka sa shi a laftof ka haɗa da Word, duk takardar da ka karanta ka adana, in ka gama shi zai jero maka refarens a tsarin APA bugu na 7 da ya fito 2019, wanda sashenmu ke so. Wanda ya taɓa zama har ƙarfe biyun dare yana gyaran waƙafi da aya ɗaya bayan ɗaya ya san abin da nake nufi. Sun yi magana kan satar rubutu da kuma Turnitin mai gano ta ma, sai dai sama-sama.

Akwai wata Hajiya a teburin tambaya, Allah ya saka mata da alheri, bayan an tashi na same ta na ce Hajiya don Allah taken nawa ya yi faɗi, ta ce zauna ɗana mu gani, ta zauna da ni muka rage shi ya koma kan adana albasa bayan girbi kawai. Abokina ɗan tarihi kuma ta tura shi Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu ya duba tsofaffin takardu.

Matsala akwai hwa. Kwamfutoci sun yi kaɗan, mutum uku kan ɗaya, wayifai na rarrafe, in wuta ta ɗauke a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ba mai iya zama ɗakin. Babbar damuwata ita ce lokacin, mi ya sa sai ana saura makonni kaɗan a fara jarabawa, kai na cike da karatu? Da tun farkon zangon farko aka yi ta da mutane da yawa ba su sayi furojek ba. Sanarwar ma takarda guda ce manne a ƙofa.

'Yan aji uku ku ma ku je, ba a hana kowa shiga, ku tahi da laftof cike da caji da filashi, kuma ku nemi lambar shiga AGORA ko HINARI a teburin tambaya kafin ku fito.