Famfo, Ga-ruwa ko Burtsatse: Abin Dubawa Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Ruwan Gida a Katsina

Kafin ka zaɓi hanyar da ruwa zai shigo gidanka, fara da lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya na buƙatar wajen lita 50 a rana don sha da girki da wanka da wanki. Gida mai mutum goma ke nan lita 500, wato jarka 20 mai cin lita 25. Masu harkar ruwa da lita 1,000 suke auna farashi, jarka 40 ke nan. Duk kuɗin da ɗan ga-ruwa ke sayar maka da jarka, ninka shi sau 40 ka ajiye kusa da takardar kuɗin famfo, nan take za ka ga wanda ya fi kowa biyan ruwa da tsada a garin nan shi ne wanda famfo bai kai ƙofarsa ba.

Ga-ruwa na ranar matsi ne, ba abin ɗora gida a kai ba, kuma ba ka san inda aka ɗebo ba. Tanka sai mai gini ko mai biki. Rijiyar hannu a cikin gari, inda kowane gida da masansa, a bar ta ga wanki.

Ruwan Hukumar Ruwa ta jiha shi ne mafi araha, kuma an tace shi an sa masa magani. Birnin Katsina ya daɗe yana sha daga dam ɗin Ajiwa da ke Batagarawa, a 2021 aka ƙaddamar da aikin ruwan Zobe na Dutsin-Ma, kuma Katsina na cikin jihohi bakwai da shirin SURWASH na Bankin Duniya, na samar da ruwa da tsafta, ya fara da su. Matsalar tana tsakanin matata da ƙofar gidanka: wutar da za ta tura ruwan, tsofaffin bututu, da masu jona ba bisa ƙa'ida ba. Idan layin ya ratsa unguwarku, tambayi maƙwabta sau nawa ake kawowa a mako a watan Afrilu, ba da damina ba. Ka nemi a sa maka mita in akwai, domin kuɗin bai-ɗaya na wata yana sa mai ɗaki biyu ya ɗauki nauyin mai wankin motoci. Bututun da ya kwana babu ruwa yana zuƙo ƙazanta ta duk inda ya tsage, musamman wanda ya bi ta kwata, don haka ruwan farko a bar shi ya zube. A lungunan cikin ganuwa da motar haƙa ba ta shiga, famfo da tankin ajiya shi ne mafita.

Amma a sababbin unguwanni, inda fili yake kuma bututun hukuma bai iso ba, ban ga abin da ya kai burtsatse ta haɗin gwiwa mai aiki da sola ba. Gida shida su haɗa kuɗi su haƙa guda mai kyau ya fi kowa ya huda tasa mai arha, rijiyoyi shida suna jan ruwa ɗaya suna ƙafar da juna. Gida shida masu mutum goma-goma na buƙatar lita 3,000 a rana. Rana mai ƙarfi takan ba da awa biyar zuwa shida, saboda haka sumo, wato injin jan ruwa da ake zurawa cikin rijiyar, mai fitar da lita 1,000 a awa ya wadatar har da rara. Ba a buƙatar baturi, tankin ne ajiyarku: ku sa na lita 5,000 saboda kwanakin hazo da fanel ke yin sanyi. Ku tuna lita 1,000 tan ɗaya ce, tan biyar ke nan a sama, kada a bar wa mai walda ya yi ƙafafun da ragowar ƙarfe. Tanki baƙi ya fi, haske ba ya ratsa shi balle gansakuka ta fito. Kowane gida da mitarsa, kuɗin gyara na wata-wata a rubuce, mai unguwa ya sa hannu, a kuma fayyace matsayin rijiyar idan mai filin ya sayar da gidansa.

Sai dai a wajen haƙar ne ake yanka mutane. Ƙasar Katsina ba iri ɗaya ba ce, wani wuri yashi ne mai riƙe ruwa, wani wuri dutse ne da sai an dace da tsaga. Duk wanda ya ce ba sai an yi gwajin ƙasa ba, don ya san unguwar, sallame shi. A haƙa da bazara lokacin da ruwa ya yi ƙasa. Wadda aka haƙa a Agusta takan yi kyau har zuwa Maris ta fara tari. A nisanta ta da masai da ramin ƙazanta, naku da na maƙwabta, kamar mita 30.

Zurfi shi ne babban wurin ha'inci, tunda a kan mita ake biya. Wani daga cikinku ya zauna a wurin ya ƙirga sandunan haƙa, bayan an gama a zura igiya mai dutse a baki a auna. Kesin, wato bututun da ake jerawa cikin ramin don kada ya rufta, yawanci mita 3 ne kowane tsayi, a ƙirga wanda ya shiga rami, ba wanda aka sauke daga mota ba. A duba kaurinsa da rubutun da ke jikinsa, domin akwai masu sa bututun magudanar ban-ɗaki, wanda ƙasa ke matsewa ta riƙe sumo a ciki, rijiya da inji duk su tafi. Wasu kuma maimakon sikirin na masana'anta, wato bututun da ke barin ruwa ya shiga ya tare yashi, sai su tsattsaga bututu da zarto, yashi ya yi ta shiga yana cin injin. Tsakuwar da ake zubawa gefen kesin ta zama wankakkiya mai girma ɗaya, ba ɓaraguzan gini ba. Mitocin farko na saman ramin, a gefen kesin, a toshe su da siminti, in ba haka ba ruwan kwata na damina zai bi gefen bututu ya gangara cikin abin da yaranku ke sha. Wannan shi aka fi tsallakewa don ba ya ganuwa.

Sumo ma haka. Ana manna sunan Grundfos ko Pedrollo a jikin na bogi, ana kuma sayar da wanda aka sake naɗa wa waya a matsayin sabo. Ɗaga shi ka ji: mai wayar tagulla ya fi na alminiyam nauyi. Lambar da ke jikin inji ta zo ɗaya da ta kwali da ta rasit. A sa na'urar da ke kashe shi idan ruwa ya janye, domin sumo da ya yi gudu a bushe ƙonewa yake yi.

Kada a biya kuɗi duka a gaba. A riƙe kaso na ƙarshe har sai an wanke rijiyar ruwa ya fito garau, an bar inji yana ja awanni a jere a gabanku ba tare da ya yanke ba, an kuma kai kwalba ɗaya ɗakin gwaji an duba ƙwayoyin cuta da gishiri. Takardar da ke nuna zurfi, inda aka sami ruwa da inda aka rataye sumo, a karɓe ta a ajiye. Ranar gyara ita mai gyaran zai fara tambaya.